Allah Ya Ja Zamanin Hannun Ƙofar But

A cikin duk abin da aka ɗaura wa mota, tun daga injin har kan noti na ƙarshe, babu wanda aka danne wa haƙƙin yabo irin hannun ƙofar but. Injin ya sha kirari a bakin direbobi, giya ta sha, taya ma sai an shafa ta an duba zanenta kafin a biya kuɗi. Shi kuwa wannan bawan Allah, ɗan guntun baƙar roba da ke laɓe a saman lambar mota, babu mai tunawa da shi sai ranar da ya ga dama ya tunatar da duniya cewa yana nan. Allah ya ja zamaninka, ƙarami mai tsayar da babba, ɗan roba gagara direba, mai karyewa babu sallama, mai tsare kayan fasinja ba tare da kwaɗo ba, sarkin ƙofar baya wanda in ya ce ba a shiga to ba a shiga, in ya ce ba a fita ko buhun gero sai ya kwana a ciki!

Kowane basarake da gidansu, kuma gidan da ya yi fice wajen fitar da irin waɗannan gwaraza shi ne na Toyota Sienna ƙirar farko, ta 1998 zuwa 2003. A 1997 aka fara fito da ita a matsayin 'yar 1998, ta gaji Previa, aka ƙera ta a Georgetown ta jihar Kentucky a Amurka, a kan ginin Camry, aka ba ta injin mai silinda 6 da lita 3. Don iyalin Amurkawa aka yi ta, a kai yara makaranta a biya kanti a dawo gida. Da ta gama wannan bautar sai ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano ko Legas, ta buɗe sabon babin rayuwa a tashar Unguwa Uku da ta Kawo da ta Jabi, tana cin hanyar Kano zuwa Abuja, sama da kilomita 400, da fasinja maƙil da kaya har rufi. Injin bai gaza ba. Giya tana shiga. Masu ƙirar nan sun iya ƙarfe, babu mai musu. Shi ya sa abin da suka yi a ƙofar baya ya zama abin a tsaya a yi tasbihi: mutanen da suka san yadda ake yin injin da zai shekara ashirin yana aiki, su ne suka zauna, suka yi nazari, suka yanke shawarar cewa hannun da za a riƙa ja kullum safe da yamma ya zama na roba. Kuma saboda ba sa rowa, ƙanwarta Sequoia ta 2001 zuwa 2007 ma aka yi mata irin wannan gata.

A duba tsarin da idon basira. Ƙofar ƙarfe ce mai nauyi. Makullin da ke riƙe ta a ƙasa ƙarfe ne. Wayar da ke jan makullin ƙarfe ce. Ɗan sifirin da ke mayar da hannun mazauninsa shi ma ƙarfe ne. A tsakiyar wannan runduna ta ƙarafa, daidai wurin da duk ƙarfin damtsen mutum yake taruwa, aka dasa wani ɗan harshe na roba da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, aka ce shi zai ja kowa. Kamar dai a ɗaure amale da zaren ɗinki ne, kuma wanda duk ya iya haka ya kai a kira shi gwani. Shekaru suna tafiya, gishirin da ake barbaɗa wa titunan arewacin Amurka lokacin ƙanƙara yana cin makullin da sifirin, tsatsa tana zama. Mota ta iso nan, ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da tsohon giris ta zama taɓo, makulli ya ƙara tauri. Ranar Afirilu kuwa, wadda a Sakkwato da Maiduguri take wuce awo 40, tana gasa robar a hankali har ta bushe ta daina lanƙwasa. Makulli yana ƙara neman ƙarfi, roba tana ƙara rasa shi. Duk wannan rigima ta ƙarfe da ƙarfe, wa ke ɗaukar nauyinta? Ɗan harshen nan, mai sadaukar da kai, mai karyewa domin manya su huta.

Ga kuma sanin lokaci, baiwar da ba kowane basarake Allah ya ba ba. Ba a taɓa jin ya karye a gaban shagon kayan gyara ba, ko a garejin bakanike, ko ranar da mota take fanko. Wannan aikin ƙananan mutane ne. Shi sai da asuba a tasha, an gama lodi, 'yan kamasho sun karɓi nasu, wata Hajiya ta tuna maganinta yana cikin jakar da ke can ƙasan kaya. Ko ranar kai lefe, akwatuna na ciki, dangin amarya sun shimfiɗa tabarmi suna jira. Ko a shingen kwastan, jami'i ya ce a buɗe but. Yaron mota ya sa hannu ya ja, sai a ji ƙas, ƙara ɗaya tak, gajeriya, irin maganar manya. Daga nan hannu ya saki jiki, yana lilo cikin natsuwa, kowa ya zo ya ja ya ji babu komai a bayansa. Yaro ya dubi direba ya ce, "Oga, ya tafi." Kuma lalle ya tafi, ya bar ƙofa a rufe, domin amana ba ta barin mutum ya tafi ya bar gida a buɗe.

Nan ne hikima ta biyu take bayyana, wadda ta fi ta farko zurfi. Ƙofar ba ta da wani hannu ta ciki. Sarki ɗaya ne, babu waziri, babu mai jiran gado. Mai ƙaramin tunani zai ce ai da an sa wata 'yar igiya ko wani ɗan maɓalli daga ciki saboda irin wannan rana. To da an yi haka, ina za a samu zumuncin da ake ƙullawa a bakin titi, inda fasinjojin da tun Zariya ba su ce wa juna uffan ba za su jeru suna miƙa wa juna buhu da jarka da ƙullin daddawa ta kan kujeru har zuwa ƙofar gefe? Ina dattijo zai samu damar motsa gaɓoɓinsa, ya fito ya koma sau uku a tafiya ɗaya? Ina matashin da ke kujerar baya zai koyi haƙuri, da katan ɗin taliya a cinyarsa daga Kaduna har Zuba? Likitoci suna ta wa'azin motsa jiki ba a ji, ɗan roba ya zartar da shi ba tare da ya buɗe baki ba.

Abin tausayi su ne mutanen da, waɗanda ba su ɗanɗani wannan ni'ima ba. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kuma duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san tsofaffin a-kori-kura da ƙofarsu ta baya: sakata ta ƙarfe a dama, sakata ta ƙarfe a hagu, sai sarƙa. Ƙauyanci tsagwaronsa. Komai a fili, babu sirri, babu kwarjini, yaro ɗan shekara goma yana kallo ya gane yadda take aiki. In ta lanƙwashe a sa guduma, in ta tsinke a kai wa mai walda ko maƙerin unguwa, kafin shayi ya huce an gama. Mota ta tsufa, ta ruɓe, a sayar da ita ga 'yan gwangwan, sakatar tana nan garau ba ta ciyar da kowa ba. Wane irin abu ne wannan da zai shekara talatin bai sa an buɗe shago ba, bai sa an yi odar kwantena ba, bai sa magidanci ya yi asarar wuni guda ba? Abin da ba ya lalacewa ai ba ya taimakon tattalin arziki.

Mahassada ba sa ƙarewa. Akwai masu cewa da gangan ake yin irin waɗannan abubuwa, har su kawo tarihi. Su ce a ƙarshen 1924 manyan kamfanonin ƙwan lantarki, cikinsu har da Osram da Philips, sun haɗu a Geneva sun amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har da tara ga duk wanda nasa ya cika daɗewa. Su ce a 1932 wani Bernard London ya rubuta ƙasida a Amurka yana ba da shawarar a yanka wa kaya wa'adin mutuwa don kasuwa ta farfaɗo. Su ce a 2015 Faransa ta mayar da gajarta ran kaya da gangan laifi, mai ɗaurin shekara 2 da tarar Yuro 300,000. Duk an yi. Amma jingina gwarzonmu da waɗannan cin fuska ne. Masu ƙwan lantarki sai da suka yi taro, suka sa hannu a takarda, suka bar shaidar da ake karantawa har yau. Shi kuwa hannun but bai buƙaci taro ba. Roba ta fi ƙarfe araha, ta fi shi sauƙin nauyi, kuma inji yana zubo ta dubu-dubu a cikin zubi ɗaya. 'Yan kwabban da aka rage a kan kowane hannu, in aka ninka su da dubban ɗaruruwan motoci, sun isa a yi wa wani ƙarin girma a ofis. Babu makirci a nan, tsantsar tsimi ne da tanadi, halayen da iyaye suke yi wa 'ya'yansu addu'ar samu.

Sannan a yaba masa da kunya da sanin ya kamata. Garantin sabuwar mota a can shekara 3 ne ko mil 36,000. A duk tsawon wannan lokaci, yana hannun mai shi na farko, wanda ke da lauya da lambar wayar dila da ofishin kai ƙara, hannun but yakan kame kansa, ya yi aiki sumul, bai cika ɗaga wa kowa hankali ba. Yana jin nauyin manya. Sai mota ta sauya hannu ta sake sauyawa, ta tsufa, ta faɗo ga wanda ya sayar da gona ko ya ci bashin adashi ya saye ta, wanda ba shi da adireshin kowa kuma ba wanda ya san da zamansa, sannan gwarzo ya saki jiki ya nuna ainihin halinsa. Wanda ya ci ribar tsimin daban, wanda ya biya kuɗinsa daban, tsakaninsu teku da shekara goma sha biyar, ba su taɓa haɗuwa ba balle su yi rigima. Wace kotu ce ta taɓa raba gardama lami lafiya haka?

Yanzu sai naɗa magaji. Mai mota, da yake kuɗin aikin bakanike ya isa cefanen kwana biyu, sai ya ce da kansa zai yi a gida. Ya tafi Ƙofar Ruwa in a Kano yake, ko Panteka in a Kaduna, ko a aika Ladipo a Legas. Can zai tarar da wata fadar mai nata tsarin sarauta.

"Alhaji, wanne za a kawo? Akwai orijina, akwai na Taiwan, akwai ɗan Beljiyom."

"Wanne ya fi ƙarko?"

"Duk suna yi, ranka ya daɗe. Ya danganta da hannu."

Amsar malamai ke nan, wadda ba ta ɓata wa kowa rai kuma ba ta ɗaure mai ita. Orijina ya zo a leda mai tambari, kuma ledar, a faɗi gaskiya, tana da kyau ƙwarai. Na Taiwan sunan gida ne kawai, duk inda aka yi shi haka ake kiransa, kuma yana da kirkin da ba ya barin mutum ya daɗe yana zullumi, wani lokaci tun a wurin ɗaurawa yake sauke nauyin da ke kansa. Amma ɗan Beljiyom shi ne dattijon fada. An ciro shi daga jikin wata Sienna sa'ar taka, ya sha gishirin da naka ya sha, ya ga shekarun da naka ya gani. Ka cire roba mai shekara ashirin da ta karye, ka biya kuɗi mai kauri ka sa roba mai shekara ashirin da ba ta karye ba tukuna. Girmama na gaba ke nan. Wani mai shagon ma, saboda ƙaunar da yake yi maka, ba zai raba hannun da danginsa ba, sai dai ka ɗauki allon gaba ɗaya da fitilun lamba da komai. Kuma in an ɗaura ba a dawowa da shi, don kada a zubar wa kaya da mutunci.

Ranar Asabar da hantsi a ja mota ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai lamba 10, sukudireba mai baki huɗu da mai faɗin baki, filaya, da yaro mai riƙe fitilar waya. Sai a fuskanci ƙa'idar farko ta wannan fada, wadda ta isa a rubuta da ruwan zinariya: ba a canza hannun sai an buɗe ƙofar, kuma ba a buɗe ƙofar sai da hannun. Don haka magidanci mai iyali, mai furfura, wanda ake gaisarwa a durƙushe, zai shiga ta ƙofar gefe, ya ciccire kujerun baya, ya kwanta a kan haƙarƙarinsa a cikin ƙarfen da rana ta fara dafawa. Ba a ganin sarki a tsaye.

Zai kwance notin madaurin da ake jan ƙofar da shi, sannan ya fara ɓamɓare bangon roba na ciki, wanda gefensa na ƙasa yake matse saboda ƙofar a rufe take. Bangon nan wasu 'yan maɓallan roba ne suke riƙe da shi, fadawan sarki, jininsa ne, tarbiyyarsu ɗaya. Kowanne aka taɓa sai ya bi sawun ubangidansa, ƙas, ƙas, ƙas. Irin wannan biyayya ta yi ƙaranci a zamanin nan. In bango ya ɗaga, sai a cusa hannu ta wata kafa a jikin ƙarfen, wadda aka bar bakinta da kaifi don kada wanda ya shiga ya fito bai ɗauki shaidar ziyara a bayan hannunsa ba. A lalubo wayar da ta sauka zuwa makulli, a kama ta da filaya a ja, yaro ya tura daga waje ko a tokare da ƙafa daga ciki. Ƙofa ta buɗe, iska ta shigo.

Ba za ta tsaya a sama ba, domin sandunan gas guda biyu da ke ɗaga ta sun daɗe da yin ritaya. A nan uwargida take shigowa cikin tarihin ƙere-ƙeren Japan da Amurka.

"Malam, taɓaryar tawa fa? Daka zan yi."

"Yanzu za a kawo miki, saura kaɗan."

Taɓarya ta tokare ƙofa, tuwon rana ya koma na dare, kowa a gidan ya samu rabonsa na albarkar sarki.

Daga ciki ake kwance notocin da ke riƙe da allon da ke saman lamba, duk masu lamba 10. A cikinsu akwai wanda aka ƙaddara zai suɓuce ya faɗa can cikin ƙofar inda hannu ba ya kaiwa, ya zauna nan yana kaɗa wa mota kuge a kowane gargada har ƙarshen rayuwarta, kyauta, ba a biya makaɗi ba. A zare wayar fitilun lamba, a zare kan wayar makulli daga abin da ya rage na harshen, a ɗago allon a hankali, domin shi ma roba ne, kuma ƙafafun da notocin suke kamawa suna iya zaɓar wannan lokaci su yi murabus. A juya allon, ga marigayi kwance, sukurori biyu suna riƙe da shi.

Waɗannan sukurori biyu sun cancanci nasu kirarin daban. Dogarai masu jar riga, jar tsatsa, waɗanda aka ajiye a daidai inda ruwan sama yake bi, ba a yi su da ƙarfen da ke ƙin tsatsa ba don kada su yi girman kai. Shekara ashirin suna gadi, sun zama jiki ɗaya da wurin. Sukudireba ta shiga ta juya, kan sukuru ya narke ya zama rami sumul, shi kuwa ko gezau. A ɗiga kananzir a jira. A ɗiga man birki, a kiyaye kada ya taɓa fenti don yana cin sa. A kama da filaya in akwai abin kamawa. A ƙarshe a aika yaro ya aro injin huda wurin kafinta, in an yi sa'a akwai wuta. Kafin nan maƙwabta sun taru, domin sarki ba ya zama babu jama'a. Wani ya ce a ɗumama da wuta, a jikin roba. Wani ya ce sufa gulu da garin toka sun riƙe masa nasa wata shida. Wani ya ce shi tun bara ya fito da waya ta ramin, ya ɗaura mata guntun katako, kuma har yau lafiya lau, sai dai duk yaron da ya wuce yana iya buɗe masa but. Kowa injiniya ne, ilimi ya yaɗu a unguwa ba a gina makaranta ba.

Sa sabon ba wuya. A zaunar da shi a ɗaure da sababbin sukurori, a maƙala ɗan dunƙulen da ke kan waya a cikin tsagar harshe, a tabbatar rigar wayar ta zauna a gurbinta, a mayar da allo, a haɗa fitilu. Wanda yake son ya ci gaba da samun ganawa da fada a kai a kai, to daga nan sai ya buga ƙofa ya rufe, ya mayar da bango, ya wanke hannu. Wannan ita ce hanyar masu tawakkali, kuma sau da yawa sakamakonta yana zuwa nan take: a ja sabon hannu a ji shiru saboda waya ta zame, a sake shiga ta ƙofar gefe, a sake kwanciya a kan haƙarƙari. Ziyara biyu a wuni ɗaya ba kowa ke samu ba.

Akwai kuma marowata, masu hana ruwa gudu. Su ba sa rufe ƙofa sai sun gwada. Tana sama a tokare, sai su tura bakin makullin da sukudireba har ya kama, su ja hannu su ga ya saki, su maimaita. Ba su tsaya nan ba. Sai sun wanke makullin da kananzir ko fetur sun fitar da taɓon shekaru, sun shafa masa sabon giris, sun ɗiga mai a cikin rigar waya da kan sifirin, har ƙofar ta riƙa buɗewa da yatsa biyu. Wasunsu ma duk bayan hunturu sai sun sake. Su gargaɗi yaran mota cewa in ƙofa ta ƙi, a danna ta ciki kafin a ja, kuma kada a ɗaga nauyin ƙofar da hannun, a kama gindinta. Su hana a cusa kaya har su danne ƙofa ta yadda makulli zai ɗaure. Da irin wannan ƙeta sai hannu ɗaya ya yi shekaru bai samu damar nuna bajintarsa ba. Alhamdu lillahi ba su da yawa. Akasarinmu mun san darajar sarauta: ba ma ɗiga wa makulli mai ko sau ɗaya, muna loda wa motar mutum bakwai kayan tirela, mu hau ƙofa da gwiwa mu rufe, in ta ƙi buɗewa mu sa hannu biyu mu fizga da bismilla. Mai ƙira ya yi rabin aiki daga can, mu muka cika masa ragowar daga nan, haɗin gwiwar ƙasa da ƙasa da babu jakadan da ya ƙulla.

Mafi tsaurin ido su ne wasu ƙananan masana'antu da suka fito da hannun nan na ƙarfe, sak irin na asali, ramukansa ɗaya, mazauninsa ɗaya, ana sayarwa a kasuwa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wannan rashin ta ido ne. Me suke son nunawa? Cewa abin da ƙaramar masana'anta ta iya, babban kamfani mai dubban injiniyoyi zai iya tun farko? Cewa wunin da direba ya rasa, da lodin da ya wuce shi, da jinin bayan hannunsa, da tuwon da ya makara, duk ana iya kauce musu da ƙarfen da bai kai nauyin sabulu ba? Irin wannan magana ba ta dace da bakin mai ladabi ba. Wanda ya sa na ƙarfe, in kuma ya haɗa da shafa giris, ya sani ya yanke zumunci da Ƙofar Ruwa ta wannan fuska, kuma 'ya'yansa za su tashi ba su taɓa riƙe wa ubansu fitila a cikin but ba.

Gidan sarauta dai bai mutu ba. Da aka zo ƙira ta biyu, ta 2004 zuwa 2010, wadda aka koma ƙerawa a Princeton ta jihar Indiana, sai aka sauke ɗan harshen roba da wayarsa, aka naɗa maɓallin lantarki, aka lulluɓe shi da wata tattausar baƙar roba. Magaji ya ga karyewa tsohon yayi ne. Shi narkewa yake yi. In ya sha rana shekara da shekaru sai robar ta koma baƙin danƙo mai kama yatsa, irin wanda sabulu ba ya fitarwa da wanki ɗaya. Allah ya ja zamanin yarima, mai shafa wa talakawa albarka da hannunsa, wanda ba ya barin baƙo ya tafi haka nan! Duk wanda ya buɗe but sai ya tafi da rabonsa a yatsu, daga yatsu zuwa sitiyari, daga sitiyari zuwa aljihun farar shadda ranar Juma'a. In kuma batir ya mutu, ƙofar ba ta sauraron kowa, sai a sake neman hanya ta ƙofar gefe. Shi ma akwai orijina, akwai na Taiwan, akwai ɗan Beljiyom.